Injin tace ruwa na RO/DI, ra'ayina ga sabon mai tankin murjani da gansakuka ta dama

Idan yanzu ka fara haɗa tankin ruwan gishiri na murjani, kuma kuɗin hannunka ba zasu sayi komai da komai lokaci ɗaya ba, to ni dai shawarata ka fara sayen injin tace ruwa na RO/DI, wato mai matse ruwan famfo ta wani siririn tantani (RO) sannan ya bi dashi ta wasu ƙwayoyi masu kama ragowar abin da ya narke (DI), kafin ka sayi murjani ko guda ɗaya, kafin ma waccan fitilar mai tsada da kowa ke yabawa. Nasan ba abin burgewa bane, ba wanda zai zo gidanka ya tsaya kallon kwalabe huɗu da 'yan siraran tiyo yace masha Allah, amma wallahi a duk kayan da na saya saboda tankin nan babu wanda ya gyara min ruwa kamarsa. Wanda nake amfani dashi mai mataki huɗu ne, an rubuta galan 75 a rana a jikinsa, yazo da ɗan mitan TDS mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, da agogon auna ƙarfin ruwa. Ba zan kama sunan kamfani ba don gaskiya yawancinsu gini ɗaya ne, abin da ke cikin kwalaben shine magana.

Abin da sabon shiga baya ganewa da wuri shine ruwan tanki kullum tashi yake yana bin iska, amma gishiri da duk wani abu da ya narke a ciki basa tashi, suna nan zaune. Shi yasa in ruwa ya ragu ba ruwan gishiri ake ƙarawa ba, ruwa zalla ake ƙarawa. To in wannan ruwan da kake cikawa na famfo ne, duk abin da ke cikinsa ka zuba shi kenan ya zauna, gobe ka sake zubawa, jibi ma haka. A ce tankinka lita 200 ne yana rasa lita 3 a rana, a wata lita 90 kenan, in ruwan famfonka yana nuna 250 a mitan TDS ma'ana kusan miligiram 250 na narkakkun abubuwa a kowace lita, to a wata guda ka zuba sama da giram 22 na abin da baka san ko menene ba. Wani ɓangaren ba matsala bane, kalsiyam ne da makamantansa, amma a ciki ana iya samun silika da fosfet da naitiret, wani lokacin har jan ƙarfe in bututun gidan na jan ƙarfe ne, shi kuwa jan ƙarfe ko ɗan mitsitsi ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Maganin cire kulorin da masu kifin ruwan daɗi ke ɗigawa baya fitar da ko ɗaya daga cikin waɗannan daga ruwan. Mai goge gilas kullum yana cika tanki da ruwan famfo kamar mai shara ne da ya bar ƙofa a buɗe iska na shigo da ƙura.

Shi injin, ruwa yana fara shiga kwalbar farko mai tace laka da tsatsa da yashi, tawa mai maikuron 5 ce (ma'aunin ƙanƙantar ramukanta kenan), fara ce tas lokacin da aka sa ta kuma kwalbar garau take kana ganin yanda take rinewa, wannan na ji daɗinsa sosai don ba sai kayi ta zato ba. Kwalba ta biyu dunƙulen gawayi ne, aikinsa cire kulorin, kuma kar ka raina shi domin kulorin yana cinye tantanin RO, in gawayin ya mutu baka sani ba to tantanin da yafi komai tsada a injin shine zai biya. Anan akwai abin da ya kamata ka tambayi hukumar ruwan garinku, ko kulorin suke sawa ko kuloramin, wato haɗin kulorin da ammoniya, domin kuloramin yafi wuyar cirewa yana buƙatar gawayi biyu ko irin gawayin da aka yi musamman dominsa, kuma in ya fashe yana sakin ammoniya wadda ke saurin cinye matakin ƙarshe. Daga nan sai tantanin RO, shine zuciyar abin, ruwa yana matsewa ta cikinsa da ƙarfi, mai kyau yana tare kashi 96 zuwa 98 cikin ɗari na abin da ya narke. Ragowar ɗan abin da ya tsallake sai ƙwayoyin DI su kama shi, su kuma irin masu canza kala ne, suna farawa da shuɗi suna komawa ruwan ƙasa daga ƙasa zuwa sama yanda suke ƙarewa. Abin da ake nema a ƙarshe mita ta nuna sifili.

Haɗa shi bai bani wahala ba, tiyon irin na turawa ne ka danna ya kama, kowanne da kalarsa, sai dai takardar bayanin da suka sako gaskiya bata da kirki, hotuna ƙanana ga rubutu kaɗan, kuma bata faɗi abu mafi muhimmanci ba, wato ka fara wanke gawayin da tantanin ka zubar da ruwan farko kafin ka bari ya bi ta DI. Sabon gawayi yana sakin baƙar ƙura, sabon tantani kuma yana zuwa da maganin adanawa a jikinsa, duk in suka afka cikin DI asara ce kawai.

Maganar galan 75 ɗin nan, wato kusan lita 280 a rana, kar ka ɗauka da zafi. Wannan lissafin an yi shi ne da ƙarfin ruwa psi 50 (ma'aunin da agogon ke nunawa) da ɗumin ruwa digiri 25, in famfonka bashi da ƙarfi ko ruwan yayi sanyi sai ka ga abin yana ɗiga kamar baya so, kuma ba jinkirin kaɗai bane matsalar, in ƙarfin ruwa yayi ƙasa tacewar ma tana raguwa. Ni a wajena agogon yana tsayawa ƙasa da 40, dole na ƙara ɗan famfon ƙara ƙarfi, daga nan ne injin ya fara aiki yanda ya kamata, ruwan ya ƙaru lambar TDS ta bayan tantani ta sauka. Da ace masu sayarwa suna faɗin wannan ɓaro ɓaro tun farko da mutane da yawa basu zargi injin ba. In zaka saya ka fara sanin ƙarfin ruwan gidanka, in bai kai 50 ba ka sa kuɗin famfon a lissafi.

Sai ruwan da yake zubarwa, wannan kam yana min ciwo har yanzu. Duk lita ɗaya mai kyau da ka samu, kusan lita uku zuwa huɗu sun fita ta ɗaya tiyon. Ba lalacewa bane haka aikin yake, wannan ruwan ne yake wanke fuskar tantanin ya tafi da dattin, in ka toshe shi don tsimi tantanin ne zai toshe. Amma dai ba ruwan banza bane, ya riga ya bi ta matata biyu, ni ina tara shi a duro in yi wanki da goge ƙasa da ban ruwan shuka, ban yarda a sake shi ya bi lambatu haka kawai ba. Wani abin da na so ace sun haɗo dashi shine bawul mai yawo da ke tsayar da ruwa in duro ya cika, ba tsada gare shi ba, kuma shi injin awanni yake yi yana ɗiga, ba mai iya zama ya tsare shi. Ka saya daban ka haɗa da bawul ɗin da ke kashe injin da kansa.

Mitan TDS ɗin layi biyu gare shi, mutane da yawa suna sa ɗaya a ruwan shiga ɗaya a ruwan fita, ni kuma a ganina yafi amfani ka sa ɗaya bayan tantani ɗaya bayan DI, ruwan famfo kuma ka riƙa auna shi lokaci lokaci da mitan hannu. Dalili kuwa, in ka duba na ƙarshe kawai zaka ga sifili kayi ta murna alhali tantanin ya gaji DI ne yake ɗaukar duk nauyin. Misali famfo 250 bayan tantani 5, kaga kashi 98 kenan lafiya lau, amma in bayan tantani ya koma 25 to kashi 90 ne, kuma DI ɗinka zai ƙare da sauri har ninki biyar. Akwai kuma wani hali da tantani ke dashi, in injin ya kwana a kashe, ruwan farko da zai fito lambarsa tana sama sosai sai bayan 'yan mintuna take sauka, don haka ka sa ɗan bawul kafin DI ka zubar da wannan na farkon. Saboda haka ma gara ka kunna shi sau ɗaya ka cika duro da ka riƙa kunnawa kana kashewa don lita biyu biyu. Masu ruwan rijiya ko burtsatse kuma ku lura, irin wannan ruwan yakan zo da iskar kabon mai yawa, ita tantani baya tare ta, tana wucewa ta cinye DI cikin ɗan lokaci ko da lambar TDS ƙarama ce.

To yanzu gansakuka, wadda saboda ita ne na sayi injin. Wannan abin mai kalar ruwan ƙasa mai kama da ƙura da ke rufe yashi da gilas a makonnin farko, wanda ka goge da safe ya dawo da yamma, dayatom ne, wasu ƙananan halittu masu gina ɓawonsu da silika. Kusan duk sabon tanki sai ya yi su ko da wane ruwa kake amfani, domin sabon yashi da sabon dutse ma suna da nasu silikan, bambancin shine in ba a ƙara musu abinci daga waje sukan cinye wanda ke nan su mutu da kansu cikin 'yan makonni, in kuwa kana ƙara musu ta ruwan ciko to zama suka zo yi. A nawa tankin bayan na koma ruwan RO/DI gaba ɗaya, ciko da canjin ruwa duka, sun ja da baya a hankali har yashin ya dawo fari, ba dare ɗaya ba amma kana ganin canjin mako bayan mako, kuma wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina basu tafi a banza ba. Abu ɗaya da zan ƙara, silika tana cikin abubuwan da suke fara sulalewa in DI ya kusa ƙarewa, kuma mitan TDS baya ganinta sosai, don haka in kalar ƙwayoyin ta kusa kaiwa sama ko mita ta nuna 1, canza kawai kar ka jira 2 ko 3. In kaga ruwan ƙasan nan ya dawo a tankin da ya daɗe da warkewa, DI zaka fara dubawa.

Amma fa duk wanda yace maka RO/DI zai kashe duk gansakuka bai faɗa maka gaskiya ba. Ya rufe ƙofa ɗaya ne cikin uku ko huɗu. Abincin kifi shine babbar hanyar da fosfet da naitiret ke shiga tanki, duk abin da ka zuba ko an ci ko ba a ci ba ƙarshensa ammoniya ne, bakteriya su mayar da ita naitirait sannan naitiret, wannan zagayen ne ma ake jira ya kankama a makonni huɗu zuwa shida na farko kafin a sa kifi. Busasshen dutse ma da yawa yana riƙe da fosfet a jikinsa yana saki a hankali na tsawon watanni. Shi yasa koriyar nan mai kama da gashi ta fito min a kan dutse duk da ruwana sifili ne, kuma in ka auna sai gwaji ya nuna maka fosfet kaɗan ne, ba don babu ba sai don ita gansakukar tana shanyewa kafin ka auna. Wannan hannu take so, ka tuge ta kana zuƙewa da tiyo lokacin canjin ruwa kar ka barta tana yawo, ka rage abinci zuwa abin da kifin zasu cinye cikin minti ɗaya ko biyu, fitila awa takwas zuwa tara ta isa, sannan ka sa dodon koɗi masu kiwo irinsu Trochus da Cerith da Turbo. Nassarius kuma ba gansakuka yake ci ba ragowar abinci yake nema a cikin yashi, kar a sayar maka dashi da sunan mai share dutse. Kuma don Allah kar ka zuba dodon koɗi talatin a sabon tanki, in abinci ya ƙare yunwa zata kashe su, gawarsu ta koma takin wata gansakukar.

Jan nan mai yauƙi da ke shimfiɗuwa kamar mayafi a kan yashi shi ba gansakuka bane ma, sayano ne, nau'in bakteriya, yana son inda ruwa baya motsi kuma datti ya taru. Ka juya famfon motsa ruwa ya riƙa bugun wurin, ka zuƙe shi, yawanci yana ɓarewa a dunƙule.

Inda nake so sabon shiga ya buɗe kunne sosai shine maganar sifili. Sifilin da ake nema na ruwan da zaka zuba ne, ba na cikin tanki ba. Mutum in gansakuka ta ishe shi sai ya haɗa komai lokaci ɗaya, ga RO/DI ga GFO mai shanye fosfet ga sikima, wato injin da ke fitar da datti ta kumfa, a buɗe har ƙarshe ga rage abinci ga canjin ruwa babba babba, sai naitiret da fosfet su faɗi ƙasa warwas ya ɗauka yayi nasara. Alhali shi murjani a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan halittu masu amfani da haske suna haɗa masa abinci, kuma su ma suna buƙatar ɗan naitirojin da fosfet, in babu sai kaga murjanin ya koɗe ya daina girma. Abin da yafi wannan muni, masu tanki da yawa sun lura cewa a irin wannan yanayin ne daino ke samun fili, wani abu ruwan ƙasa mai kama da majina yana jan zare da ƙwayoyin iska a jiki, da rana yayi yawa da dare ya ragu, wasu nau'insa suna da guba har dodon koɗi su mutu in sun ci. Sabon shiga yakan ɗauka dayatom ne ya ƙara matsa tsabta, abin ya ƙara ɓaci. Da ɗan maikuroskof mai araha ake bambance su, kuma nau'in Ostreopsis da ke tashi yawo cikin ruwa da dare fitilar UV mai kashe ƙananan halittun da suka bi ta cikinta tana maganinsa, masu zama cikin yashi kuma basa jin ta sosai. Ni na gwammace in ga 'yar koriya a dutse sau goma da in ga wannan. Abin da nake ƙoƙarin riƙewa shine naitiret tsakanin 2 zuwa 10, fosfet tsakanin 0.03 zuwa 0.1, duka miligiram a lita, kuma a irin wannan ƙaramar lambar gwajin kala da ido yana da wuya, ɗan mitan fosfet na Hanna mai nuna lamba yafi sauƙi, na naitiret kuma Salifert yana min aiki. Amfanin RO/DI a nan shine ya cire maka abu ɗaya daga cikin waɗanda zaka yi zargi, in lamba ta hau kasan daga abinci ne ko dutse ba daga bokiti ba, sai ka taɓa abu ɗaya ka jira mako biyu ka ga sakamako kafin ka taɓa wani.

Haɗa ruwan gishiri da wannan ruwan ma wani daɗi ne, yana narkewa garau ba hazo, kuma lambobin da kamfanin gishiri ya rubuta a bokiti an yi su ne da tsammanin ruwa zalla zaka sa, in ka haɗa da ruwan famfo mai nauyi, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami) da kalsiyam sai su wuce inda kake so. Ruwa ake fara zubawa sannan gishiri a hankali famfo na juyawa, ba a zuba ruwa a kan tulin gishiri, kuma ba a taɓa zuba gishiri kai tsaye cikin tanki mai rai. Ka kai shi 35 ppt, wato gishiri kashi 35 cikin dubu, kusan 1.026 kenan a ma'aunin nauyin ruwa, ka auna da rifraktomita, ɗan abin auna gishiri, wadda ka saita da ruwan gwaji na 35, ka daidaita ɗumi da na tanki wajen digiri 25 zuwa 26. Alkaliniti wajen 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, magniziyam kusan 1300, kuma zamansu wuri ɗaya yafi bin wata lamba ta musamman muhimmanci, murjani baya son hawa da sauka. Canjin kashi goma cikin ɗari duk mako ya wadatar da yawancin sababbin tankuna. Duron da zaka ajiye ruwan ya zama na roba mai kyau da murfi, wanda bai taɓa ganin sabulu ko mai ba, domin wannan ruwan da babu komai a cikinsa yana saurin ɗaukar duk abin da ya taɓa.

Hidimar injin ba mai yawa bace amma ba a mantawa da ita, matatar laka da gawayi duk wata shida ko in kaga agogon ƙarfi ya fara sauka, DI in kala ta juya, tantani kuma in ana kula dashi yakan yi shekara biyu zuwa uku. Ka sayi ƙwayoyin DI a leda ka riƙa cika kwalbar da kanka yafi araha, ka dai danna su sosai kar ka bar gurbi don ruwa zai samu hanya ya bi gefe, ragowar kuma ka ɗaure ledar kam don iska na kashe su. Kar ka bar tantani ya bushe bayan ya taɓa jiƙa, kuma kar ka taɓa haɗa injin da famfon ruwan zafi wai don ya ƙara sauri, zafin yana lalata shi.

Wanda tankinsa ɗan ƙarami ne kamar lita 40 ko 50 zai iya sayen ruwan da aka riga aka tace in yana da inda ya yarda dashi, amma ko shi ya mallaki mitan TDS na hannu ya riƙa aunawa kafin ya zuba, don ba kowane mai sayarwa ke canza matatarsa a kan lokaci ba. Daga lita ɗari zuwa sama kuwa ɗaukar jarkoki zai gajiyar da kai har ka fara tsallake canjin ruwa, ranar da wani abu ya mutu a tanki da tsakar dare kana buƙatar ruwa mai yawa nan take kuma ba inda zaka samu. Irin wannan mutum ya sayi nasa, mai mataki huɗu ya isa in kulorin ne a ruwan garinku, in kuloramin ne ya nemi mai biyar ko shida, ya tabbata akwai agogon ƙarfi da mita mai layi biyu kuma kwalaben irin na inci goma ne da ake samun matatarsu a ko'ina ba sai ta kamfani ɗaya ba.